Cin Ranin da Ya Kai Ni Furfura

Ƙofar Sauri, Katsina.

Zuwa ga ɗiyata, Uwata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta uba da ɗiyarsa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka lafiya, ke da jikata, 'yar amaryata, kun kuma tarar da maigidanki cikin ƙoshin lafiya. Allah Ya sa da ƙafar dama kika shiga garin, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya tsare ki daga sharrin da kika sani da wanda ba ki sani ba.

Na ba Innarku takardar, na ce ta cusa maki ita can ƙasan jaka, ƙarƙashin kuka da daddawa, don kada ki gan ta sai kin isa. Kin san halina. Sunan mahaifiyata gare ki, ko sunan ban iya kamawa, balle in zaunar da ke in buɗe maki cikina ido da ido. Rubutun kuma ki yi haƙuri da shi, na ajin yaƙi da jahilci ne, inda ya karkace ki miƙe shi da kanki.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Ran nan ina alwala a tsakar gida, kuna madafa ke da Innarku, rediyo ya gama faɗin cewa a Ingila, inda za ki aikin jinya, ana ta sauya dokar ba baƙi takardar zama ɗan ƙasa. Ana maganar tsawaita shekarun jira, kuɗin nema ya hau, jarrabawar ma an ƙara mata tsauri. Innarku ta tambaye ki ko abin ya shafe ki. Kika yi dariya kika ce, "Inna, mi ya haɗa ni da wannan? Ni ba zama za ni yi ba. Shekara ukku, in na samu abin da na samu, sai gida."

Buta ta kusa suɓuce mani. Wallahi muryata na ji tana fitowa daga bakinki. Wannan maganar ita ta cinye mani rayuwa, kuma tsorona ɗaya a tafiyar nan taki shi ne kada ta cinye taki. Don haka zan jera maki wautar da na tafka, ɗaya bayan ɗaya, ba don ki ji tausayina ba. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Kin san ƙauyenmu a ƙasar Maraɗi yake, ƙetaren iyaka, kin je kina ƙarama. Yadda na baro shi ne ban taɓa gaya maki ba. Ina saurayi, ko gemu bai fito ba, aka yi shekarar da gero bai yi ba. Ƙanen mahaifina, wanda ke fataucin kanwa, ya ce in biyo shi Katsina cin rani, kamar yadda samarin garinmu ke yi: a fita bayan girbi, a koma da ruwan farko da ɗan kuɗin riga da na gishiri. Ko sallamar kirki ban yi da mutane ba, don me za a yi sallama a kan tafiyar wata biyar? Har na ja wa ƙanena kunne kada ya taɓa mani fartanya.

Ruwan farko ya sauka ina Babbar Kasuwa ina auna kanwa. Na ce bari ciniki ya ɗan lafa. Ciniki bai lafa ba, na ce to baɗi. Baɗi ta zo, baffan nawa ya rasu, rumfa ta dawo hannuna, na ce sai na sayar da kayan da ya bari. Ranar da aka ɗaura mana aure da Innarku na durƙusa gaban mahaifinta na ce, in an kwana biyu zan tafi da ita gida. Tsohon ya dube ni ya yi murmushi ya ce Allah Ya kai mu. Shi ya riga ya gane abin da ni ban gane ba.

A lokacin filayen bayan ganuwa kamar kyauta ake ba da su. Abokan kasuwa suka yi ta saye, ni ina yi masu dariya, wai me zan yi da fili a garin da zan bari. Duk abin da na samu sai in aika ƙauye a yi mani gini. Ɗakunan suna nan, awakin ƙanena ke kwana ciki, kuma na ji suna jin daɗinsu. Gidan da aka haife ki kuwa gadon Innarku ne. Shekara da shekaru ina zaune a gidan matata, in mun saɓa a kan cefane sai ta tambaye ni yaushe ne ma damina za ta faɗi in koma. Sai in ɗauki hulata in fita.

Ban ce ki zauna can har abada ba, Uwata. Duk duniya ba wanda ya kai ni son ki dawo. Abin da nake gaya maki shi ne, mutum ba ya sanin ranar da cin rani ya zama zama. Ba a buga ganga ranar. Yaro ne zai shiga makaranta ki ce bari ya gama aji, aiki ne zai ƙara maki girma ki ce bari ki ɗan daɗe, sai ki waiwaya ki ga furfura. Saboda haka tun daga ranar da kika sauka ki riƙa yin komai kamar wadda za ta zauna. Ki san dokar da ke kanki, ki san shekarun da ake buƙata, ki adana kowace takarda ta aiki da ta haya da ta haraji. In shekara ukun ta cika kika dawo, takardun ba su rage ki da komai ba, sai mu kunna murhu da su. In ba ki dawo ba, su ne za ki tsaya a kai.

Wauta ta biyu ta fi ta farko ciwo, don a wannan an nuna mani hanya na ƙi bi. Kin tuna Alhaji Lawal, maƙwabcinmu na gidan da ke kan kwana, wanda ya yi aiki a ma'aikatar gwamnati, Allah Ya ji ƙansa. Wata rana bayan la'asar muna zaune a dakalin ƙofar gidansa, ke lokacin kina goye, ya matso kusa da ni ya yi ƙasa da murya.

Ya ce, "Malam Sani, ka ko taɓa tunanin neman takardar zama ɗan ƙasa? Yanzu abin ba wuya, kuɗɗin ma ba su taka kara sun karya ba. Ka hwara da katin izinin zama, ka biyo ni ofis in nuna maka ƙofar da ake bi."

Mutumin nan a asirce ya yi mani magana. Ni kuwa sai na ɗaga murya don duk dakalin ya ji. Na ce, "Alhaji, ni za a ba takardar Katsina? Kakannina sunka gina ganuwar ga da kake gani! Mu ne Katsinawan asali, yaƙi ya hidda mu munka tahi Maraɗi. In takarda za a ba wani, ku za a ba, mu mu sa maku hannu!"

Aka kwashe da dariya, har da masu tafa mani. Na ji kaina ya yi girma kamar na ci kokawa. Alhaji Lawal ya bari dariyar ta lafa, ya ce, "Gaskiya ne, Malam Sani. Allah Ya ba ka haƙuri." Bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Ni kuwa na yi watanni ina gaishe shi da baki ɗaya, wai ya kira ni baƙo a gaban jama'a, alhali ni na kai maganar gaban jama'ar.

Abin da na faɗa a dakalin ba ƙarya ba ne, haka muka ji daga kakanni, kuma duk ɗan Maraɗi da shi yake tinƙaho. Harshe ɗaya, addini ɗaya, tuwo ɗaya, dangi rabi nan rabi can. Shi ya sa mu ne muka fi kowane baƙo saurin faɗawa ramin nan. Wanda ya zo daga nesa, fatarsa daban, harshensa daban, ya san shi baƙo ne, tun da wuri yake neman takarda. Ni ba wanda ya taɓa tare ni a hanya, sai na ɗauka ba abin da ya rage. Ranar zaɓe kaɗai nake tunawa. In ga unguwa ta watse an tafi layi, ni in kwanta a zaure in ce ƙafa ke mani ciwo. Ku yara kuna ta yi mani sannu.

Ke ma irin wannan girman kan zai zo maki, da wata riga. Za ki ce ai su ke buƙatarki, ke ke wanke masu tsofaffinsu, ke ke kwana tsaye a kan marasa lafiyarsu, wa zai kore ki? Gaskiya ce, kamar yadda tawa ta kasance gaskiya. Amma girman kai rawanin tsiya ne. Duk wanda ya matso kusa da ke ya ce ga yadda ake bi, ko Bature ne ko baƙar fata, ko mai share asibitin ne, ki saurare shi ki yi masa godiya. In jarrabawa ce a kan tarihinsu da al'adunsu, ki zauna ki karanta kamar yadda kika karanta ta jinya, kada ki ce me ya haɗa ki da sarakunan wasu. Na tambaya an ce mani, ke da kike 'yar ƙasa ta haihuwa ba ki rasa takardarki ta nan don kin karɓi ta can. Amma ki sake tambayar masana, kada ki dogara da fatawar mai kanwa.

Ta ukun ita ce nake jin kunyar rubutawa, kuma ta shafe ki kai tsaye. Shekarar da kika samu makarantar jinya aka ce ki kawo takardar shaidar asali daga ƙaramar hukuma. Ta wajen Innarku ku 'yan ƙasa ne, wannan kam doka ce ta ba ku. Amma a ofis tambayar farko ita ce garin uba. A nan ne ma na fara jin cewa, da mace ce ta zo daga can ta auri ɗan nan, akwai gajeriyar hanya da aka tanadar mata, amma namijin da ya auri 'yar nan sai ya bi doguwa. Hankalina ya tashi. Na ga karatunki zai tsaya saboda ni.

Akwai wani mutum da ke yawo a kasuwa da 'yar jakar hannu, kullum fes da shi, kowa ya san sana'arsa, ba mai faɗa. Na kira shi bayan rumfa. Ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne, Malam. Wane gari kake so a haihe ka?" Haka ya faɗa, kamar mai tambayar kalar yadi. Muka zaɓi wani ƙauye da ke wannan gefen iyaka, inda ban taɓa shan ruwa ba. Ya sa na haddace sunan mai garin da na limamin. Kafin mako ya zagayo ga takarda da hatimi, ta ce ni haifaffen can ne.

Allah Ya sa kafin in yi amfani da ita Sallah ta zo, na tafi gida gaishe da tsohuwa. Na tarar da ita a ƙofar ɗaki tana ɓarar gujiya. Don wauta sai na ciro takardar na ba ta labarin ina dariya, wai in nuna mata ɗanta ya waye. Ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi faɗa ba. Hannunta dai ya tsaya a cikin ƙwarya.

Ta ce, "To ni, wa na haihwa cikin ɗakin ga, ran da ruwa ya ci rumbun ubanka? In kai ɗan wancan gari ne, sai ka tahi ka nemo mani nawa."

Uwata, an zage ni a duniya, an ci mani mutunci a kasuwa, amma ba maganar da ta taɓa shiga jikina kamar wannan. A murhunta na ƙone takardar. Da na dawo na tafi wajen Kawu Bala, yayan Innarku, na cire hula na gaya masa komai. Shi ya shiga da ke ofis, ya kafa shaida ta gidan kakanki na wajen uwa, aka ba ki takardarki ta halal. Ashe hanyar tana nan tun farko, kunyar roƙon suruki ce ta hana ni ganinta. Ranar ina waje gindin dogon yaro, ina yi kamar rake nake saye. Kika fito da gudu kina nuna mani, kika ce, "Baba, mi ya hana ka shigowa?" Na ce ƙafa ce. Wannan ƙafar ta sha ƙarya a bakina.

Waɗanda suka riƙe irin waccan takardar na ga ƙarshensu. Da aka zo zamanin ɗaukar hoton yatsa a na'ura, wani maƙwabcina a layin 'yan dabino aka same shi da garin haihuwa biyu, har yau bai gama wanke kansa ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma ki sani, masu 'yar jakar nan suna can ma, sun riga ki sauka. Duk lokacin da hukuma ta tsaurara doka ta ƙara kuɗi, kasuwarsu ke buɗewa. Wanda zai cuce ki ba da Turanci zai zo maki ba. Da Hausa zai zo, ya ce maki 'yar'uwa, ya tambayi mutanen gida, ya ce ya san wani a ciki. Kada ki ba shi fasfonki ko da na minti ɗaya ne. Garin haihuwarki ɗaya, ranar haihuwarki ɗaya, abin da kika rubuta a takardar farko shi za ki rubuta a ta ƙarshe. Aikin da izininki bai ba ki ba kada ki taɓa shi, ko nawa za a biya. In abu ya shige maki duhu ki nemi lauyan da hukuma ta san da shi, ki biya shi, ya fi maki araha.

Bayan wannan na yi hankali, na ɗan lokaci. Na je na yanki katin izinin zama na baƙi, wanda Alhaji Lawal ya ce in fara da shi tun kina goye. Duk lokacin da ya kusa ƙarewa in je in sabunta. Na fara tara shekaru irin waɗanda hukuma ke gani, har na fara tambayar sauran sharuɗɗan. Sai wata rana ina tsakiyar awo aka kira ni a waya, aka ce tsohuwa ta faɗi, ɓarin jikinta ya mutu. Ko mudun ban juye ba. Na ja ƙofar rumfa na nufi tasha.

Kin tuna wannan tafiyar, don ke kika riƙa aiko da magani. Damina biyu na yi a can. Ni ke juya ta, ni ke ba ta kunu. Katin ya mutu a aljihuna ina gani. Ita kanta, da ɗan bakin da ya rage mata, ta sha ce mani, "Tahi ka ga iyalinka ka komo, ba yau za ni mutuwa ba." Na ƙi. Gani nake in na ɗaga ƙafa za ta cika ba na nan, mutanen gari su ce ga wanda ya tafi cin rani ya bar uwarsa ta mutu a hannun wasu. Rabin zaman don ita na yi shi, rabin kuwa don bakin mutane, wannan sai yanzu na yarda da shi.

Zaman da na yi da mahaifiyata ban yi nadamarsa ba, ba kuma zan yi ba. Abin da na yi nadama shi ne rashin tambaya. Tsakanin ƙauyenmu da Katsina tafiyar safiya ce. Da na tsaya na tambayi abin da doka ta ce, da na zo na sabunta katin na koma a yini ɗaya, ba abin da zai ragu a jinyar. Da ta rasu na dawo jiki a sanyaye, na jefa mataccen katin cikin akwati, na ce to me kuma ya rage. Haka ya zauna har ran nan da na ji ki a madafa.

Washegari na yi wanka na sa babbar riga na tafi ofishin da ake wannan harka. Na tarar da wani matashi mai ladabi, ya ba ni kujera. Ya ce yanzu abin ya sauya, ta na'ura ake cikewa, a biya ta banki. Ya lissafo shaidar biyan haraji, da masu tsaya wa mutum, da izinin zaman da bai yanke ba. Da ya faɗi kuɗin sai na ce ya maimaita, na ɗauka ya haɗa da kujerar Makka.

Ya ce, "Baba, shekara nawa ka yi a ƙasar?"

Na ce, "Arba'in da ɗoriya."

Ya ce, "To mi zai nuna?"

Na ce ya tafi Ƙofar Sauri ya tambayi duk wanda ya gani. Ya tambayi limamin da ya raɗa wa 'ya'yana suna, ya tambayi maƙabartar da na rufe biyu daga cikinsu. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Wallahi Baba na yarda da kai. Amma abin da ke rubuce kaɗai ake ƙirgawa, kuma naka ya yanke. Ina jin sai dai a hwaro daga hwarko." Na tambayi nawa ne farkon, ya ce shekara goma sha biyar. Na ce masa, yaro, ɗago ka dube ni da kyau. Ya dube ni, muka yi dariya tare, don ba abin da ya rage sai ita. Na dai ce a sabunta mani katin zaman, ko ba komai in ƙarasa kwanana da izini.

Abin da na koya a kujerar nan shi ne doka ba ta tsayawa inda ka bar ta. Ƙofar da take a buɗe yau gobe an rage mata faɗi, abin da ake biya bana baɗi ya zama labari. Da wuya ki ji an sauƙaƙa. Saboda haka daga albashinki na farko ki buɗe wa kuɗin takardar nan asusunsa daban, naki da na 'yar amaryata, ki ɗauka adashi ne da ba a fashi. Dangi za su kira, wannan biki, wancan suna, wani rufin ɗaki. Ki taimaka da abin da ya sawwaƙa, amma wancan asusun ko ni na roƙa kada ki taɓa. A ce maki marowaciya na 'yan shekaru ya fi. Kuma ranar da doka ta ce kin isa ki nema, a ranar ki nema, kada ki ce sai an sha ruwa ko sai bayan Sallah.

Saura magana ɗaya, ita ce ma dalilin duk wannan dogon surutun. Kin fi ni sanin abin da likita ya gani a ƙodata, ke kika karanta sakamakon gwajin, na kuwa ga fuskarki kafin ki gyara ta. Innarku ta gaya mani abin da kika ce mata, wai in jikina ya tashi za ki ajiye komai ki taho ki zauna da ni har abin da Allah Ya yi. Kada ki ji haushinta, ni na matsa mata. Na san za ki aikata, don jinina ne a jikinki, kuma na gaya maki yadda na ja ƙofar rumfa.

An ce mani a can akwai iyakar kwanakin da mai neman takarda zai yi a wajen ƙasar, in ya wuce su lissafinsa ya rushe. Ki nemi sanin adadin tun yanzu, tun ina cin tuwona da hannuna. In an kira ki an ce na kwanta, ki fara zuwa wajen shugabanninki ki nemi hutu a rubuce. In sun ba ki, ki zo da tikitin komawa a hannu, in gan ki in ji daɗi, ranar komawa kuma ki koma ko ina numfashin ƙarshe. In ba su ba ki ba, ko zuwan zai karya maki shekarunki, kada ki zo. Ga Innarku, ga ƙannenki, ba a wulaƙance zan kwanta ba.

In kuwa labarin rasuwa ne, kin san mu ba ma ajiye gawa. In na cika da hantsi, kafin la'asar an kai ni. Kafin jirginki ya sauka Kano an naɗe tabarmi, ba abin da za ki tarar sai gajiya. Ki yi alwala a inda kike ki roƙa mani gafara, za ta iso ni.

Mutane za su yi magana, na san su, ni ma tsoronsu ya zaunar da ni damina biyu. Za su ce ga wadda ubanta ya mutu tana ƙasar Turawa tana neman takarda. Don haka na kira Innarku da Kawu Bala na faɗa a gabansu, yanzu kuma ga shi da rubutun hannuna: na yafe maki wannan zuwan, duniya da lahira. Ba ki da laifi a wajena, umarnina kika bi. Wanda ya matsa maki ki karanta masa wannan layin.

Ina jin zafin rubuta haka, ba zan ɓoye maki ba. Babu uban da ba ya son ya buɗe ido a ƙarshe ya ga ɗiyarsa a kansa, balle ni da nake ganin mahaifiyata a fuskarki. Amma na fi son a ce a zuriyata an samu mutum ɗaya da ya bar gida, aka zaunar da shi a kujera aka ce masa me zai nuna, ya buɗe jaka ya nuna.

Allah Ya tsare ki a fitarki da shigarki, Ya tsare maki mutuncinki da addininki. Allah Ya ba ku zaman lafiya da maigidanki, Ya raya mani amaryata, ki ce mata angonta na gaishe ta, kada sanyi ya sa ta manta da shi. Allah Ya sa hannunki ya zama waraka ga duk wanda kika taɓa. Allah Ya yi maki albarka, Uwata, Ya yi maki albarka.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sani Maikanwa